Hadiza a bakin rijiya: a cire babi na 7 ko a bar shi?

Maman Hanifa, Garwa (mai kula da zaure):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun daren jiya da Adda Ramatu ta saki babi na 7 na labarinta, Ajuji, saƙonni ke shigo min ta bayan fage. Wasu na cewa a cire babin, wasu na cewa in aka cire su ma sun fita. Ba zan yanke hukunci ni kaɗai ba. Ga wanda bai karanta ba: Hadiza ta binne 'ya'ya huɗu, kowanne kafin yaye. Da ta haifi na biyar, tsofaffin gida suka sa aka kwantar da shi a kan juji, aka tsaga masa kunne, aka kira shi Ajuji. Da dare tana jin muryoyin huɗun nan a bayan zana suna cewa a ba su ƙaninsu. A babin jiya ta tsaya da shi a bakin rijiya kafin kiran assalatu, ta ce masa, "Na gaji da kai." A nan babin ya tsaya. Kowa ya faɗi ra'ayinsa a fili, ban da zagi.

Malam Sa'idu, Marwa:
Wa alaikumus salam. Ina cikin waɗanda suka ce a cire, kuma ba a ɓoye na faɗa ba. Mun karanta labarin mayu a zauren nan, mun karanta na aljanu, ban ce uffan ba. Amma uwa? Wadda Manzon Allah (SAW) ya ambata sau uku kafin ya ambaci uba? Akwai 'yan mata 'yan lise, wato sakandare, a cikinmu, gobe su ne iyaye. Me muke shuka musu in suka karanta cewa uwa na iya duban jaririnta ta ce ta gaji da shi? Wannan salon rubutun Turawa ne, ba namu ba.

Goggo Asabe, Hausare, Garwa:
Malam Sa'idu, ni na girme ka, bari in gaya maka ba na Turawa ba ne. A gaban kakata na ji irinsa tun ba a kawo lantarki unguwarmu ba. Mace ce da tsohon ciki ta je rafi, abokan tafiya suka ɗauki tulunansu suka bar ta. Ta yi ta yi ta ɗora nata a ka, ta kasa. Rana na faɗuwa sai Dodo ya fito daga ruwa ya ce zai ɗora mata, amma me za ta ba shi? Ta ce abin da ke cikina. Ya ɗora mata. Ta haihu, ta ja bakinta ta yi shiru, 'ya ta girma, ranar da za a kai ta ɗakin miji Dodo ya zo karɓar bashinsa. Muna yara Dodon muke tsoro, muna ƙanƙame juna a kan tabarma. Sai da na yi cikin fari na fara tambayar kaina, ina mutanen gidan da suka bar mace da ciki wata tara ta tafi rafi?

Zainabu, Yelwa, Garwa:
Goggo mu kuma a tamu tatsuniyar kullum kishiyar uwa ce muguwar. Ita ke aika marainiya wankin tabarma a kogin da ba a dawowa.

Abakar, Ngaundare:
Yaya Zainabu kin taɓo inda nake so. Kishiyar uwa sau da yawa labule ce. Su Grimm, 'yan'uwan nan biyu na Jamus da suka tattara tatsuniyoyinsu, a bugun farko na 1812 uwa mahaifiya ce ta matsa a kai yara biyu daji a yar saboda yunwa, kuma uwa mahaifiya ce ta nemi a kashe 'yarta don ta fi ta kyau. A bugun da suka biyo baya suka mayar da ita kishiyar uwa, don mai karatu ya samu inda zai ajiye ƙiyayyarsa ba tare da ya tuna tasa uwar ba.

Amma Malam, da izininka, littafin da ake ɗauka ɗaya daga cikin tushen fannin labaran ban tsoro gaba ɗaya ba laifin uwa ya nuna ba. Frankenstein nake nufi, na Mary Shelley, wanda ya fito a 1818. Ta fara rubuta shi a 1816 a gefen tafkin Geneva tana da shekara 18. Mahaifiyarta ta rasu a 1797, kwanaki kaɗan bayan ta haife ta, da zazzaɓin haihuwa. Ita kuma a 1815 ta haifi bakwaini, mace, ba ta yi sati biyu cikakku ba ta koma. Yarinyar da ta taso ba uwa, ta binne 'yar fari, ita ce ta zauna ta rubuta labarin namiji da ya shafe kusan shekara biyu yana harhaɗa wata halitta, daren da halittar ta buɗe ido ya ga muninta sai ya fice daga ɗakin da gudu. Bai ba ta suna ba, bai ba ta abinci ba, bai koya mata kalma ko ɗaya ba. Ta koyi magana ne tana laɓe a wata 'yar rumfa, tana leƙen wasu iyali ta tsagar bango, tana ganin yadda suke tausayin juna. Ba ta fara kisa ba sai da kowa ya kore ta, kuma wanda ta fara kashewa ƙanin mai yin ta ne, yaro ƙarami. Mutane sun riƙe dodon sun manta da wanda ya gudu.

Malam Sa'idu, Marwa:
Madalla da karatu, Abakar. To ai ka taimake ni. Ita ta ɗora laifin a kan namijin da ya gudu, ban ƙi ba. Amma a nan uwa aka tsayar a bakin rijiya. Mijin Hadiza tun babi na 2 ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Adda Ramatu, Lopere, Garwa:
Malam, na gode da ka faɗa a gabana. Rashin jin ɗuriyar mijin da gangan ne, domin a gidajen da na sani haka yake. Na taɓa zuwa gaisuwar wata maƙwabciyarmu da ta rasa ɗa na uku a jere. Maigidan yana ƙofar gida a kan darduma, maza na zuwa suna cewa Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya ba da mai tsawon kwana. Ba wanda ya ɗaga ido ya dube shi da zargi. A cikin gida kuwa ita tana zaune a ƙuryar ɗaki tana ninke 'yan rigunan yaron, ta ninke ta warware ta sake ninkewa, nono ya jiƙa gaban rigarta har ya bushe ya yi shaci. A tsakar gida, inda take jin komai, 'yan'uwan miji na cewa cikinta ba ya riƙe 'ya'ya, wata ta ce a dai bincika, akwai matan da ke cin nasu. Ba a yi arba'in ba aka fara maganar a yi masa wata.

Da ta sake haihuwa na je barka. Ta miƙo min jaririn ba ta ko kalle shi ba. Na ce masha Allah, kamarku ɗaya. Ta ce, "Adda kar ki saba da shi." Wannan maganar ce ta haifi Hadiza. Muryoyin bayan zana ba ni na ƙirƙiro tsoronsu ba, matar da aka gaya wa cewa yaro ɗaya ne ke tafiya yana dawowa don ya wahalar da ita, me kuke so ta ji da dare?

Fanne, Kusiri:
Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin haihuwa, bari in sa baki. Abin da muke kira wabi, Yarbawa na da nasu, abiku, Inyamurai na da ogbanje, duk labari ɗaya ne: yaro mai zuwa yana komawa. Da yawan irin waɗannan gidaje in aka yi gwajin jini sikila ake samu. In uba AS ne uwa ma AS ce, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 yaron ya zo da SS, kuma in ba kulawa zazzaɓin cizon sauro ko ƙarancin jini na iya ɗauke shi tun yana ƙarami. Rabin abin daga uban ya fito. Amma a wajen aiki in na ce a kira maigida a gwada shi, sau da yawa amsar ita ce shi lafiyarsa ƙalau, ita dai a duba ta.

Sannan maganar "na gaji da kai". Malam, wallahi ina jin ta da kunnena, ba a littafi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na shiga matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Akwai kuma mai tsanani, wanda ke kama mace 1 ko 2 cikin 1,000, ta riƙa jin muryoyi, ta daina barci, ta ga jaririn kamar ba nata ba. Wannan na gaggawa ne, kuma yana da magani. Mu kuma sai mu ce iska ce ta shige ta a wankan jego.

Malam Sa'idu, Marwa:
Malama Fanne, ciwo daban, a kai ta asibiti, a yi mata addu'a. Amma a mayar da shi abin karantawa da dare don tsigar jiki ta tashi? Mu a Marwa mun ga abin tsoro na gaske. A watan Yulin 2015 'yan mata ƙanana aka ɗaura wa bam suka tashi a kasuwa da unguwar Barmare. Na wuce wurin washegari. Wanda ya ga wannan ba ya neman a ƙirƙiro masa dodo.

Idrisa, Injamena:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, Malam. Mu ma a shekarar mun ɗanɗana a nan. Amma yaran nan ai 'ya'yan wasu ne. Wasu sace su aka yi, iyayensu na kuka har yau, wasu kuma babu mai neman su tun farko. Ni a ganina wanda ya ga haka shi ya fi buƙatar labarin da zai tambayi yadda yaro ke zamewa daga hannun manya. Mahamat-Saleh Haroun namu ya yi fim a 2010 da ya ci kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes, a kan uban da aka ƙwace aikinsa na kula da wurin ninƙaya a otel aka ba ɗansa, sai ya miƙa ɗan ga soja a matsayin gudummawar yaƙi. Babu aljani ko ɗaya a ciki, amma ban taɓa kallon abin da ya hana ni cin abinci kamarsa ba. Ba wanda ya ce Haroun ya zagi iyaye maza.

Malama Hauwa, Kakatare, Marwa:
Malam Sa'idu, ni ɗalibarka ce a ilimi, amma ka ba ni dama. Alƙur'ani bai ɓoye wahalar uwa don ya girmama ta ba, da wahalar ya girmama ta. A Suratu Luƙman aka ce ta ɗauke shi rauni a kan rauni. A Suratu Maryam, lokacin da naƙuda ta kai ta ga kututturen dabino, Nana Maryam, zaɓaɓɓiya a kan matan talikai, cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan, ta zama abin da aka manta. Ba a tsawata mata ba. Aka ce kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa a ƙarƙashinki, girgiza dabino, ki ci ki sha. Mu kuwa mace ta ce wayyo sai mu ce ba ta da tawakkali.

Kuma ka tuna Suratut Takwir, inda za a tambayi jaririyar da aka binne da rai da wane laifi aka kashe ta. Yara 'yan shekara bakwai muke koya wa wannan ayar. Abin da nake so Adda Ramatu ta kiyaye shi ne kada labarin ya sa kisan yaro ya yi kama da mafita. In ta kiyaye wannan, ban ga haramci ba.

Zainabu, Yelwa, Garwa:
Ni ƙorafina daban ne, kuma goyo nake, wata huɗu. Na karanta babin ƙarfe ɗaya na dare ina shayarwa, sai da na tashi na duba ko murfin randa na rufe. Ban ce a cire ba. Amma na gaji da yadda marubutanmu na intanet suka gano cewa uwa mai wahala tana jawo masu karatu. Wannan ta sayar da 'yarta ga boka don kuɗi, waccan ta zama mayya ta lashe kurwar jikanta, kowane babi a ƙara gishiri. Uban kuwa ko yana tafiya, ko an mallake shi, bai san komai ba, tsarkakakke. Adda Ramatu, na yarda da gaske kike. To in da gaske ne, me ya sa yaran nan huɗu uwarsu kaɗai suke kira? Ba su san hanyar ɗakin ubansu ba?

Goggo Asabe, Hausare, Garwa:
Allah ya yi miki albarka 'yar nan. Tambayar ke nan.

Dija, Domayo, Marwa:
Wani abu kuma da ba a taɓo ba. Mu da muka taso tsakanin Hausa da Fulani, kunyar ɗan fari ta yi mana katutu. Uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa ɗaukata a gaban mutane ba, a wurin kakata na girma. Na san tana sona, amma a bakin wasu na ji. To uwar da aka hana ta nuna so a fili, an kuma hana ta nuna gajiya, ina za ta kai abin da ke cikinta? Djaïli Amadou Amal, 'yar garin nan, ta samu kyautar Goncourt ta 'yan lise a Faransa a 2020 da littafin da iyaye mata ke ta ce wa 'ya'yansu munyal, a yi haƙuri, har abin ya ci su. Ita ta rubuta shi da rana tsaka. Adda Ramatu ta rubuta nata da dare ne kawai.

Abakar, Ngaundare:
A kan gargaɗin Malama Hauwa, akwai wanda ya bi wannan siraɗin ya tsallake. A watan Janairun 1856 wata baiwa a Amurka, Margaret Garner, ta gudu daga Kentucky da mijinta da 'ya'yanta, suka taka ƙanƙarar kogin Ohio suka haye. Da masu kamun bayi suka kewaye gidan da suka ɓuya, ta yanka 'yarta mai shekara biyu don kada a mayar da ita bauta. Toni Morrison ta gina littafinta Beloved na 1987 a kan wannan. A ciki yarinyar da aka kashe ta addabi gidan, daga baya ta dawo da jiki, budurwa, ta zauna da uwar tana cin ta a tsaye, uwar na ramewa ita tana ƙiba. Littafin bai wanke uwar ba, ba ta samu sauƙi ko na kwana ɗaya ba. Amma ba ka rufe shi kana tsine mata, bautar kake tsinewa. Kuma ba malami ko jarumi ne ya kore abin ba, matan unguwa ne suka taru a ƙofar gidan.

Maman Hanifa, Garwa (mai kula da zaure):
Wata 'yar'uwa ta turo min wannan ta ce in saka ba suna:

"Bayan haihuwata ta biyu na yi wata uku ba na iya riƙe wuƙa in yaron na kusa. Ba don ina son cutar da shi ba, hoton abin ne ke faɗo min a ka, sai in jefar da wuƙar in fita waje jikina na rawa. Albasa ma sai na kai shi ɗakin maƙwabciya nake yankawa. Na gaya wa uwata, ta rufe min baki da hannu ta ce kar in sake faɗa, za a ce ni mayya ce a sake ni. Na yi ta sallar dare ina kuka ina ganin ni ce mafi sharrin uwa a duniya. Yaron yanzu yana aji uku. Jiya da na karanta Hadiza na yi kuka, domin shi ne karo na farko da na ga wata ta faɗi abin da ya yi kama da nawa. Don Allah kar a cire."

Fanne, Kusiri:
'Yar'uwa, sannu. Irin wannan tunanin mai faɗowa ba da so ba, wanda ke firgita mai shi har ta riƙa nesanta kanta da wuƙa, sananne ne a wurin masu jego, kuma ba alamar mugunta ba ce. Duk wadda ke cikin haka yanzu ta gaya wa ungozomar asibiti ko likita. In kuwa ta fara jin muryoyi, ko ta kwana biyu ba barci ko kaɗan, ko ta ce yaron ba nata ba ne, kada a bar ta ita kaɗai da shi, a kai ta asibiti a ranar. A yi ruƙiyya, ba a hana ba, amma a haɗa da asibiti.

Malam Sa'idu, Marwa:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baiwar Allah, Allah ya saka miki da alheri a kan abin da kika jure. Wannan saƙon ya yi min nauyi. Ina da 'ya'ya mata uku a ɗakin aure, yau zan kira su ɗaya bayan ɗaya. Amma ban sauka daga kan maganata duka ba. In Hadiza ta saki yaron nan a rijiya, ni da labarin mun rabu, kuma zan faɗa a nan.

Adda Ramatu, Lopere, Garwa:
Ba zan faɗi abin da zai faru a rijiya ba, Malam, ko don kai. Amma Zainabu, ƙanwata, babi na 8 a rubuce yake tun makon jiya, kuma ba a gidan yake farawa ba. Yana farawa ne a cikin tirelar mijin, ya taso daga Ngaundare da kaya zai kai Kusiri, dare ya yi masa bayan Garwa, yaron mota na barci. Shekara shida yana ce wa kansa nema yake yi musu. Ya san kuɗin man kowace tafiya, amma in aka tambaye shi wanne cikin huɗun ne ya fara haƙori kafin ya rasu ba zai iya faɗa ba. Sun san hanyar ɗakinsa. Sun bari ne sai ya kasance shi kaɗai.

Zainabu, Yelwa, Garwa:
To ina jira. Amma kar ki sa ya tuba a shafi biyu a yafe masa, alhali ita ta yi babi bakwai tana ƙonewa.

Idrisa, Injamena:
Kuma a bar masa hujjarsa ta gaskiya, Adda. Direban da bai fita ba gidansa ba a ɗora tukunya. In kika mayar da shi mugu zalla, mazan da ya kamata su ga kansu a ciki za su ce ba da su ake ba.

Maman Hanifa, Garwa (mai kula da zaure):
Na ji kowa. Babi na 7 zai zauna. Daga yau duk labarin da ya taɓa mutuwar yara ko ciwon jego za a rubuta gargaɗi a samansa, kuma za a riƙa sakinsa bayan la'asar, ba tsakar dare ba, saboda masu goyo. Bayanin Malama Fanne zan maƙala shi a saman zaure. Adda Ramatu, babi na 8 ranar Asabar in Allah ya kai mu.

Goggo Asabe, Hausare, Garwa:
Ramatu, ki sa uwar mijin ma a ciki. Ita ta riƙe aska ranar da aka tsaga kunnen yaron, kuma na tabbata ita ma ta binne nata.